Kundin aiki: bibiyar zamarrito a tsaunin Pichincha

22 ga Afrilu, 2024

Daga yau zan riƙa rubuta yadda aikin nan ke tafiya, saboda 'yan uwa da abokan karatu da suke ta tambayar abin da ya kawo ni ƙasar Ekwado. Aikin shi ne a gano furannin da wani ɗan tsuntsu mai suna zamarrito ke rayuwa a kansu, a wane tudu suke fitowa, a wane wata kuma suke buɗewa, domin masu dashe su san abin da za su dasa da inda za su dasa shi.

Tsuntsun ɗan dangin kolibri ne. Babu kolibri a Afirka, babu a Turai ko Asiya, nahiyar Amurka kaɗai Allah ya ba. Sun haura iri 360, Ekwado ita kaɗai tana da sama da 130. A wurinmu sha-kauci ne ke irin sana'arsu ta shan ruwan fure, amma babu dangantakar jini a tsakaninsu. Kolibri tsayawa yake cak a iska yana kaɗa fikafikai har ido ba ya ganinsu, ya zura baki cikin fure, in ya gama ya ja da baya ba tare da ya juya ba.

Wanda nake bi mutanen Kito, babban birnin ƙasar, suna ce masa zamarrito pechinegro, a littattafan kimiyya kuma Eriocnemis nigrivestis. Faransawa biyu, Bourcier da Mulsant, su suka fara bayyana shi a 1852. Tsawonsa santimita 8 zuwa 9, nauyinsa bai kai giram 5 ba. Duk faɗin duniya babu shi sai a kurmin hazo na arewa maso yammacin Ekwado, musamman gefen tsaunin Pichincha mai aman wuta, wanda birnin Kito ke kwance a gindinsa. A 2005 hukumar birnin ta naɗa shi tsuntsun Kito, ga shi kuwa da wuya ka sami mutum a titi da ya taɓa sa shi a ido.

Mazaunina na aiki kusa da gandun Yanacocha ne, wanda gidauniyar Jocotoco ta kafa a 2001 takanas saboda wannan tsuntsu. Kito tana kan tudun mita 2,850, nan kuwa kusan 3,500 ne. Malamata ta ce kwanakin farko kada in ɗauki komai mai nauyi, in yi ta shan ruwa, in yi tafiya a hankali har ƙirjina ya saba. Gaskiyarta, taku kaɗan sai haki.

6 ga Mayu

Mun fara kafa kyamarori. Kowace ana ɗaure ta a sanda, a saita ta a gaban fure ɗaya, tana ɗaukar hoto duk daƙiƙa tun hudowar rana har faɗuwarta. Daga baya kwamfuta za ta tace hotunan da wani abu ya motsa a ciki, mu kuma mu zauna mu duba ɗaya bayan ɗaya mu ga wa ya zo. Kafin mu bar wurin muna auna tsawon furen, mu tsotso ruwansa da siririn bututun gilashi, mu ɗiga a na'urar auna zaƙi. Furannin da kolibri ke sha yawanci sukarinsu na kaiwa kashi 20 zuwa 25 cikin 100.

Kurmin nan ba irin wanda na sani ba ne. Da safe sarari garau, kana hango tsaunuka jere. Kafin azahar gajimare ya taso daga ɓangaren tekun Fasifik, ya hauro kwazazzabai, ya rufe mu ruf, har wanda ke gabanka ya ɓace maka. Ba lallai a yi ruwan sama ba, amma komai jiƙewa yake. Kowane reshe naɗe yake da gansakuka, ita ke kama hazon ta mai da shi ɗigon ruwa, ya gangara ƙasa ya zama rafi. Hanyar da muke bi ma gefen wata tsohuwar magudanar ruwa ce da aka sassaƙa a jikin tsauni. A doron tudu, inda iska ta fi kaɗawa, itatuwan gajeru ne masu murɗaɗɗun rassa, sun cukuikuye da juna. Irin wannan doron ne aka fi samun zamarrito.

Bakinsa gajere ne miƙaƙƙe, bai kai santimita 2 ba, don haka ba kowane fure yake iya sha ba. Mun fi sa ido kan Palicourea, ɗan itace ne dangin gahawa, da Macleania mai jajayen furanni masu kauri da sheƙi, da wasu irin Fuchsia. Dogayen furanni kuwa na wani ne, kolibri mai bakin takobi, wanda bakinsa ya fi gangar jikinsa tsawo, har in zai gyara gashinsa sai dai ya sa ƙafa. Shi ana ganinsa kusan kullum.

Abin da ya ɗauki hankalina yau wata 'yar huda ce a gindin furannin da yawa, ƙarama, gefenta ya yi baƙi. Aikin wasu tsuntsaye ne da ake kira Diglossa, masu ƙugiya a bakin sama. Riƙe furen suke da ƙugiyar, su soke shi da bakin ƙasa, su shanye ruwan ta gefe, ba su taɓa garin furen ba balle su kai wa wani. Kolibri ya zo ya tarar da wayam. Na ƙara layi a takardar aiki don rubuta furen da aka huda da wanda ba a huda ba, domin ƙirga furanni kawai ba zai faɗa mana yawan abincin da ke wurin ba.

27 ga Mayu

Alhamdu lillahi, na gan shi.

Da hantsi ne, hazo bai riga ya iso ba. Ina tsugune ina canza batir sai dattijon da ke mana jagora ya dafa kafaɗata, ya nuna da haɓa. Namiji ne, a kan busasshen tsinke, bai fi taku huɗu daga inda nake ba. Da farko baƙi wuluk na gani. Da ya juya kai sai maƙogwaronsa ya kama haske, ya yi walƙiyar shuɗi mai ratsin shunayya, ya sake juyawa ta mutu. Bayansa baƙi ne mai ɓoyayyen kore, wutsiyarsa a rabe biyu. A kowace ƙafa akwai farin gashi cunkus kamar an liƙa masa audugar rimi. Ya tashi ya sha furanni kaɗan na Macleania, ya dawo kan tsinken nan dai, ya goge baki hagu da dama, ya fito da siririn harshe ya mayar. Wani kolibri da ya fi shi girma ya zo a guje, shi ke nan ya faɗa cikin duhuwa.

Dattijon ya ce, "Ɗana, rubuta lokacin tun kafin ka manta, murna ta jira." Na ce, "To, Baba."

Akwai 'yan uwansa biyu masu farin gashin ƙafa a nan, Eriocnemis luciani mai doguwar wutsiya da Eriocnemis mosquera mai ƙirjin ruwan zinariya, kuma dukansu sun fi shi girma, sun kuma fi shi yawa a wurin. Namijin zamarrito ba ya ruɗarwa saboda baƙinsa. Tamatar ce aiki, domin koriya ce mai ruwan tagulla, da ɗan ɗigon shuɗi a wuya. Mun yi shawara duk hoton da ake zaton tamata ce sai mutum biyu sun duba daban-daban kafin a shigar.

A ƙofar gandun akwai kwalaben ruwan sukari, awo ɗaya na sukari cikin awo huɗu na ruwa, baƙi masu kallon tsuntsaye kuma a nan suke taruwa. Ina ganin amfaninsu, don kuɗin baƙin nan na taimakon gandun, yaran makaranta kuma a nan suke fara son tsuntsu. Amma ba ma sa abin da aka gani a kwalba cikin lissafinmu. Kwalba ba ta ƙafewa, manyan kolibri ne ke mamaye ta, kuma ba ta ba da ƙananan ƙwarin da uwa ke ciyar da 'ya'yanta da su.

19 ga Yuni

Na sauka Kito na yi sallar layya da 'yan uwa Musulmi na can, na dawo. Rani ya fara, dare ya ƙara sanyi, ruwan alwalar asuba sai an ɗumama.

Sanyin nan ya sa na koma karatu kan yadda halittar da ba ta kai giram 5 ba ke kwana a nan. Da rana zuciyar kolibri na iya bugawa fiye da sau 1,000 a minti in yana tashi, ga shi ba shi da kitsen da zai kai shi safiya a haka. Sai da yawansu su saki jiki da dare, zafin jikin ya faɗi, bugun zuciya ya ragu ƙwarai, tsuntsu ya sandare a kan reshe. A wani bincike da aka buga a 2020, an auna wani kolibri na tsaunukan Peru, Metallura phoebe, zafin jikinsa ya sauka zuwa digiri 3.26 a ma'aunin Celsius. Da asuba sai ya yi ta karkarwa har ya farfaɗo, kuma dole ya sami fure nan kusa. Shi ya sa tazarar da ke tsakanin wurin kwana da wurin ci ta shiga abin da muke aunawa.

15 ga Yuli

Wani abokin karatuna ya aiko min da saƙo yana taya ni murna, wai ya ga an sauke tsuntsuna daga matakin haɗari mafi tsanani. Na ga ya kamata in yi bayanin wannan da kyau, don ni kaina shi ne abin da ya fi damuna a aikin nan.

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, tana da jadawalin da take jera halittu gwargwadon kusancinsu da ƙarewa, ƙungiyar BirdLife International ce ke mata tantancewar tsuntsaye. Matakin CR shi ne na waɗanda ke gab da ƙarewa, EN na bi masa, sannan VU. Zamarrito ya yi shekaru da yawa a CR, a 'yan shekarun nan aka mai da shi EN. Matakan nan da ma'auni ake hawa da sauka: yawan manyan tsuntsaye masu haihuwa, faɗin ƙasar da suke ciki, ko a wuri ɗaya suke ko a rarrabe, da saurin raguwarsu. Misali, halittar da manyanta ba su kai 50 ba CR ce kai tsaye, wadda ba su kai 250 ba EN ce. Haka kuma in duk abin da ya rage a tungu ɗaya yake, ana ɗaukar haɗarin ya fi, don gobara ɗaya ko aman wuta ɗaya na iya gamawa da su. Ba zancen wasa ba ne a nan, Guagua Pichincha, ɗaya daga ƙololuwar tsaunin nan, ya yi aman toka a 1999 har ta lulluɓe Kito.

To halitta na iya sauka mataki ta hanya biyu. Ko dai ta ƙaru da gaske, ko kuma masana su gano wasu da da ba a san da su ba. An daɗe ana ganin Pichincha ce kusan kaɗai mafakar zamarrito, sai a 2006 aka same shi a tsaunukan Toisán, arewa da nan. Wannan labari ne mai daɗi, amma tsuntsayen Toisán suna can tun fil azal, idonmu ne bai kai ba. Ƙiyasin da ake da shi na duka zamarrito a duniya bai kai 300 ba, kuma jadawalin da kansa yana nuna raguwa suke yi.

Tsorona shi ne masu ba da tallafi. Kuɗin kare halittu kaɗan ne, masu rabawa kuma haruffan nan biyu suke kallo. In aka ga EN sai a ɗauka an sami sauƙi, a juya wani wuri, alhali ko itace ɗaya bai ƙaru a doron tudun ba saboda canjin harafi. Ga darasi a kusa: ɗan uwansa Eriocnemis godini, wanda aka samo a kwarin Guayllabamba da ke arewa da Kito a ƙarni na 19, yau sai gawarwakinsa a gidajen adana kayan tarihi, babu tabbataccen ganinsa da rai tun wancan zamani.

12 ga Agusta

Furannin sama sun ragu, zamarrito ya yi wuyar gani a inda muka saba. An san yana hawa da sauka yana bin furanni, don haka muka kwashe rabin kyamarori muka gangara wajen ƙauyen Nono.

A nan na fahimci girman matsalar. Da ka fita iyakar gandu sai kurmi ya yanke kamar da wuƙa... a'a, ba a hankali yake ƙarewa ba, wayar shinge ce kawai a tsakani, bayanta makiyayar shanun madara da gonakin dankalin turawa. Abin da ya rage na kurmi a kwazazzabai yake, inda gangara ta hana saniya tsayuwa. Doron tudu kuwa, wurin da tsuntsun ya fi so, shi ne ya fi sauƙin sara da shimfiɗa hanya. Ko bututun ɗanyen mai na OCP, da aka gama a 2003 daga gabashin ƙasar zuwa gaɓar teku a Esmeraldas, ta kurmin Mindo da Nambillo ya ratsa duk da adawar da aka yi. Ke nan gandun sama na iya zama lafiya lau, tsuntsu ya sauko a watan da yake buƙata ya tarar da ciyawa zalla.

Dattijonmu ya nuna min wani fili da ƙasarsa ta yi baƙi, ya ce wurin ƙona gawayi ne na da. Shi ma ya yi sana'ar yana saurayi, a kai buhuna Kito a kan alfadari. Na tambaye shi, "Baba, me ya sa aka bari?" Ya ce iskar gas ta yi araha, itacen kirki kuma ya yi nisa. Bai nuna nadama ba, ni ma ban ga dalilin da zai nuna ba, da gawayin ya ciyar da iyali. Shi ne kuma yau ya fi kowa a cikinmu sanin inda kowane itace ke fure, ilimin da ya samu da gatari a hannu.

Mun ziyarci wasu mata da ke rainon tsirran kurmi a leda. Macleania daga yankan reshe suke tayar da ita, tana da jinkirin saiwa, sai an yi haƙuri. Babbarsu ta ce abin da suke so daga gare mu jerin sunaye ne, kada su ɓata shekara kan abin da tsuntsun ba ya sha. Na yi mata alkawari kafin ƙarshen shekara, in Allah ya yarda.

26 ga Satumba

Fari ya tsananta, hukumomi sun ce an fi shekara 60 ba a ga irinsa ba. Shekaranjiya gobara ta tashi a Guápulo, gabashin Kito, ta ci gidaje da daji, hayaƙi ya rufe birnin. Ba ɓangarenmu ba ne, amma hankalin kowa a tashe yake. Gansakukar da ke tsiyayar da ruwa a watan Mayu yanzu marmashewa take a hannu. Mun dakatar da aikin kyamara, muna taya masu gadi zagaye.

4 ga Nuwamba

Wutar ƙasar nan akasari daga madatsun ruwa take, ruwa kuma ya ja baya, don haka tun ƙarshen Satumba ake ɗauke wuta, har ta kai awa 14 a rana. Tace hotuna ya koma sai lokacin da aka kawo, ko da tsakar dare ne. Duk da haka mun ci fiye da rabi.

Abu biyu sun fara fitowa, ko da yake sai an gama za a yanke magana. Na ɗaya, zuwan zamarrito bai taru kan fure guda ba, ya rarrabu kan iri daban-daban masu gajeren bututu, wannan na buɗewa wancan na rufewa. In haka ta tabbata, dasa iri ɗaya da yawa ba zai wadatar ba, sai an haɗa waɗanda za su karɓi juna a shekara. Na biyu, a ƙananan wuraren da aka sare gefensu, wani kolibri mai suna Heliangelus strophianus ne ya fi bayyana a furannin da muke sa ran zamarrito. Masana sun daɗe suna nuna damuwa kan gasar da ke tsakaninsu. Ga ɗumamar yanayi na tura tsirrai da tsuntsayen ƙasa zuwa sama, na saman kuwa in ya ƙara hawa ciyawar tsauni zai tarar, babu kurmi.

Malamata ta sa na ƙara babi kan haƙar ma'adinai. A 2018 UNESCO ta sa yankin Chocó Andino, wato kurmin arewa maso yammacin Kito, cikin wuraren da take karewa, a ranar 20 ga Agusta, 2023 kuma mutanen Kito suka kaɗa ƙuri'a, kusan kashi 68 cikin 100 suka amince a hana haƙar ƙarafa a gundumomi shida na yankin, har da Nono. Hanin bai soke lasisin da aka riga aka bayar ba. Toisán kuma ba ta cikin wannan ƙuri'a, tana lardin Imbabura, saman kwarin Intag, inda manoma ke ta fafatawa da masu neman jan ƙarfe tun shekarun 1990. Wato tungar da ganinta ya faɗaɗa taswirar tsuntsun tana zaune ne a kan ƙasar da ake kwaɗayin tonawa.

9 ga Disamba

Ruwa ya dawo, hazo ya koma hawowa da rana, Palicourea ta fara toho. Na kai wa matan jerin farko, na rubuta a kai cewa na wucin gadi ne, za a gyara bayan damina. Babbarsu ta duba ta ce biyu daga ciki suna da su a leda, sauran sai an nemo iri. Dattijonmu ya ce ya san inda za a samu.

Wasu masu shanu sun yarda a dasa a bakin kwazazzabansu da jikin shinge, da sharaɗin mu kawo waya don kada maruƙa su cinye. Sharaɗi ne mai kyau, na sa kuɗin wayar a kasafin da zan miƙa. Dashen farko a Janairu ne, lokacin da ƙasa ta sha ruwa sosai, kowane tsiro da lambarsa don a san wanda ya kama.

Kafin nan akwai ragowar hotunan Agusta da ba a duba ba, da hotunan da ake zaton tamata ce da ke jiran mai dubawa na biyu. Kyamarori za su koma sama a makon gobe. Na kuma rubuta takardar neman izinin kai wasu Toisán a shekara mai zuwa, don a ga ko furannin da yake sha a can su ne na nan.